Babban Banki Ya Ɗauki Ƙarami Almajirci: Wani Gwaji a Amurka

Ba komai Baitulmalin Amurka ke yi da hannunsa ba. Karɓar haraji ta intanet, rarraba kuɗin tallafi ta katin banki da makamantansu, bankunan kasuwanci yake ba wa kwangila su yi a madadinsa. Aiki ne mai tsoka, amma kusan kullum manyan bankuna ke kwashe shi, don su ke da manyan kwamfutoci, da masu tsare su daga ɓarayin intanet, da rundunar lauyoyi. Ƙaramin bankin unguwa mai rassa biyar ko shida ba ya ma iya cika sharuɗɗan neman aikin.

Shi ya sa a 2018 Baitulmalin ya ɓullo da shirin haɗa babban banki da ƙarami, musamman bankunan baƙar fata da na sauran tsirarun al'ummomi. Ba dole a ciki, kowa da ra'ayinsa yake shiga. Babban zai buɗe wa ƙaramin ƙofa, ya horar da ma'aikatansa, ya nuna masa yadda ake bin ƙa'idojin gwamnati, kamar dai yadda ubangida a kasuwa ke riƙe yaronsa har ya kai buɗe nasa shago. JPMorgan Chase ya ɗauki Harbor Bank na birnin Baltimore, wanda aka kafa a 1982, Citi kuma ya ɗauki Industrial Bank na Washinton, wanda ke tsaye tun 1934.

Gwamnati ta damu ne saboda irin waɗannan bankuna suna ta ƙarewa. A 2001 akwai bankunan baƙar fata 48 a ƙasar. Kafin 2020 sun ragu zuwa wajen 20. Su ne kuwa ke ba da rancen gida da na ƙananan sana'o'i a unguwannin da manyan bankuna suka daɗe da juya wa baya. Akwai ma dokar 1989 da ta ɗora wa hukumomi nauyin kare su.

A ganina shirin ya taɓa ciwon, amma bai kai ga tushensa ba. Abin da ke durƙusar da ƙaramin banki ƙarancin jari ne, ba rashin sani ba. Doka ta ɗaure yawan rancen da banki zai bayar da girman jarinsa, don haka ko an koya masa duk dabarun duniya, in jarin bai ƙaru ba, hannunsa a ɗaure yake. Ga kuma tambayar da ba a cika yi ba: wane ubangida ne zai horar da yaro ya zo ya ƙwace masa ciniki?

Jarin ya zo ne daga baya, ta wata hanya. Bayan da ɗan sanda ya kashe wani baƙar fata, George Floyd, a 2020, wasu manyan bankuna sun sayi hannun jari a bankunan baƙar fata, kuma a Disambar shekarar majalisar dokoki ta ware dala biliyan 9 don zuba jari kai tsaye a ƙananan cibiyoyin kuɗi masu hidimar talakawa.