Motar Gwangwanin Yaronki: Kwalliya Da Gyaran Tafiya

Uwargida, kafin ki share tarkacen gwangwani da guntayen silifa da yaronki ya tara a bayan ɗaki, tsaya ki duba. Garejinsa ke nan. Yaron Jega ko Aliero ko Maiyama ya tashi yana kallon manyan motoci suna wucewa shaƙe da buhunan albasa, to me zai hana shi ƙera tasa?

Ba yaranmu kaɗai ba. A Ingila tun 1957 ake sayar da ƙananan motocin tsere na Scalextric, masu gudu da lantarki a kan titin da aka tsaga masa layi. Har magidanta kan zauna suna goge musu taya, suna saka musu nauyi a ƙasa don kada su kife a kwana. Matsalar tasu ita ce ta motar gwangwani, maganin ma ɗaya ne.

Idan motar tana karkata gefe guda, laifin taya ne. Almakashi ba ya fitar da da'ira daidai. A ɗora bakin gwangwanin tumatir a kan tsohon silifa, a danna ana murzawa, tayoyi huɗun za su fito kai ɗaya. Hujin kuma ya zama a tsakiya cif, in ba haka ba motar ta riƙa ɗingishi. Ƙarfen da ke riƙe tayoyin, sifok ɗin keke ya fi waya, domin ba ya lanƙwashewa. A zura shi cikin bututun tsohon biro, a ɗiga ɗan man gyaɗa, sai ki ga tana sulalewa ba ƙara. In kuwa kifewa take yi, a ƙara tazara tsakanin tayar dama da ta hagu, a ɗaure ɗan dutse a cikinta daga ƙasa. Yara sun fi son jibga kaya a sama kamar motar albasa, amma nauyin sama shi ke kayar da ita.

Kwalliya kam ba sai kin koya masa ba: murfin kwalba fitila, robar ruwa gilashi, ledar alawa fenti.

Naki aikin shi ne bakin gwangwanin. Ki sa babansa ko yayansa ya naɗe shi ciki, ya bubbuge da dutse, domin yankansa ba wasa ba ne. In ya yanke, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a kai shi asibiti a duba batun allurar tetanus, ciwon nan mai sandarar da jiki. Ki hana shi tsohon batir. Gwajin gudu kuma a tsakar gida ko lungu, ban da bakin babban titin da ya taso daga Jega ya bi ta Maiyama zuwa Yauri, inda tireloli ba sa iya tsayawa nan take.