Daga Beetle Zuwa Porsche 911: Tarihin Motar Tsere Ta Jamus

Abin da muke nufin nunawa a wannan takarda shi ne, shahararriyar motar tseren nan ta Jamus, watau Porsche 911, jika ce ga Volkswagen Beetle, motar nan mai siffar kunkuru wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, wadda kuma tsofaffin makanikan Panteka a nan Kaduna suka san cikinta da bayanta.

Ferdinand Porsche ne ya zana Beetle tun daga 1934. Ya ɗora mata inji a baya, mai silinda huɗu a kwance, wanda iska ke sanyayawa ta hanyar fanka, ba ruwan lagireto ba. A 1948 ɗansa Ferry ya ɗauki wannan inji da waɗansu sassan Beetle, ya lulluɓe su da jiki marar nauyi a garin Gmünd na Ostiriya, ya kira motar 356. Daga baya aikin ya koma Stuttgart.

Magajiyarta ta bayyana a bajekolin Frankfurt na 1963 da sunan 901, da silinda shida da ƙarfin doki 130. Sai kamfanin Peugeot na Faransa ya ce lamba uku mai sifiri a tsakiya hakkinsa ne, aka mai da ita 911 a 1964. Mutanen Kaduna, waɗanda suka ga 504 tana fitowa daga masana'antar Kakuri a ƙetaren kogi, ba za su rasa gane dalilin wannan jayayya ba.

Inda ya kamata mu dakata shi ne matsalar da motar ta gada. Inji a bayan tayoyin baya yakan danne su, su kama hanya sosai yayin tashi. Amma a kwana, in direba ya ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya, sai nauyin ya ja bayan motar ya zarce gefe. Injiniyoyin ba su matsar da injin ba. Da fari sun cusa ƙarfe mai nauyi cikin bambar gaba, dabarar da a ganinmu ba ta fi ta bakanike na bakin titi ba. A samfurin 1969 suka ƙara tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya da milimita 57, sannan suka yi ta faɗaɗa tayoyin baya, musamman da samfurin Turbo ya fito a 1975 da ƙarfin doki 260.

Har kamfanin kansa ya taɓa fid da rai da wannan tsari. A 1977 ya fitar da 928, mai inji a gaba, da niyyar ta gaje ta. Masu saye kuwa suka ƙi rabuwa da tsohuwar. Aka daina ƙera 928 a 1995.

Abin da ya rage na gadon Beetle ya ragu a 1998, lokacin da aka daina injin da iska ke sanyayawa, domin dokokin hayaƙi da ƙara sun tsananta, kuma ruwa ya fi riƙe zafin inji mai ƙarfi daidai. Amma injin yana nan a baya, kuma a 2017 aka ƙera 911 ta miliyan ɗaya.