Me Ya Kashe Rassan Layin Dogo na Ƙauyukan Arewa?

Turawan mulkin mallaka ba don son manomi suka shimfiɗa layin dogo ba, amfanin gonarsa suke nema. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai aka fara fitar da rassa zuwa inda kaya suke. Reshen Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929 saboda auduga da gyaɗa. Na Kano kuwa ya ratsa Ringim da Malam Madori ya tsaya Nguru a 1930, inda ake lodin gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu, wasunsu daga ƙasar Damagaram. Duk da haka manomi ya amfana. Kusan kowace tasha ta zama kasuwa, har wasu suka zama garuruwa; Malam Madori a gindin tasha ta girma.

Yau yawancin waɗannan rassa ciyawa ta rufe su. Dalili na farko shi ne kayan da aka yi layin dominsu sun ƙare. Farin 1973 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 sun karya noman gyaɗa, dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace, gwamnati kuma ta koma kan kuɗin man fetur ta zuba su a titin mota. Tirela tana zuwa har bakin kasuwar ƙauye a ranar da ɗan kasuwa yake so, shi kuwa tarago sai a yi kwanaki ana jiransa.

Amma a ganina abin da ya ƙarasa rassan shi ne gadoji da kwalbatoci, abin da ba kasafai ake maganarsa ba. Manyan gadoji irin na Jebba a kan Kwara da na Makurɗi a kan Binuwai, wadda aka buɗe a 1932, suna da masu tunawa da su. Ƙananan da ke kan ƙoramu cikin gonaki fa? A da akwai leburorin reluwe masu bin layi a ƙafa, suna yashe magudanai kafin damina, suna duba ƙarfe. Da aka rage su, yashi ya toshe kwalbati, ruwa ya ci ƙasar da ke ƙarƙashin dogo. Mota in gada ta karye tana iya yin zagaye, jirgi ba shi da wannan zaɓi: gada ɗaya ta zauna, layin gaba ɗaya ya tsaya. Da zarar jirgi ya daina wucewa kuma, ɓarayin ƙarfe sun samu, su yanka dogo su kai wa 'yan gwangwan.

Asarar a kan manomi ta faɗa, domin kuɗin motar kowane buhun gero ko riɗi daga farashinsa ake cirewa. Manyan motoci kuma suna farfasa titin da ba a yi shi don irin nauyinsu ba.

Ba na ƙin sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, sai dai ba ta Ringim ko Gusau zai bi ba. Tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi suna da ikon shiga harkar jirgin ƙasa. Ya kamata gwamnonin Jigawa da Yobe da Zamfara su haɗa kai da Hukumar Jiragen Ƙasa, a fara da duba kowace gada da kwalbati, a maido da masu bin layi, sannan a kawo taragon hatsi da na dabbobi.