Alan Sorrell da Aikin Tā da Kufai a Takarda

Masu tonon kufai ba safai su kan sami gini a tsaye ba. Abin da ƙasa ke ajiye musu shi ne harsashi, da guntun bango, da fasassun tukwane, wani lokaci da ramin da ginshiƙi ya ruɓe a ciki. Masani ya dubi wannan ya fahimci abu da yawa, amma yaron makaranta in ya duba, tarin duwatsu kawai zai gani. Saboda haka a ke neman mai zane wanda zai mai da ginin a takarda kamar yadda a ke zaton ya ke a zamanin masu shi. A Ingila ba wanda ya yi suna a wannan sana'a kamar Alan Sorrell.

An haife shi a Landan a 1904, ya tashi a garin Southend. Asalinsa zane ya koya, ba tarihi ba. A 1928 ya ci wata gasa wadda ta kai shi birnin Rum, inda ya zauna wajen shekara 3 cikin kangayen Rumawa, yana cuɗanya da masu bincikensu. A 1936 ya biya ta garin Leicester ya tarad da Kathleen Kenyon tana tono a gindin wani tsohon bango na Rumawa da a ke kira Jewry Wall. Ya zana wurin yadda ya same shi, sa'an nan ya zana shi yadda a ke tsammani ya ke a dā, jaridar Illustrated London News ta buga. Daga nan Mortimer Wheeler ya neme shi don kufan Maiden Castle, aiki ya yi ta zuwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya yi cikin rundunar jiragen sama, ma'aikatar da ke kula da tsofaffin gine-gine ta sa shi zana fadoji da gidajen ibada masu yawa.

Hanyar aikinsa ita ce abin lura. Ya kan je wurin da ƙafarsa, ya karɓi taswira da awo daga masu tono, ya yi zanen gwaji ya aika musu, su gyara su mayar, har a daidaita. To, a nan wahalar ta ke. Mai rubuta rahoto yana da ikon cewa "watakila rufin katako ne", ya wuce abinsa. Mai zane kuwa ba shi da watakila. Tilas ya ɗora rufi, ya yanke tsawon bango, ya buɗe taga a wani wuri, ya kuma sa wa mutanen da ke tsakar gida tufafi. Sau da yawa tambayarsa ce ke sa masanin ya farga cewa akwai abin da bai taɓa tunani a kansa ba.

Zane-zanen Sorrell cike su ke da hadari, da ruwan sama, da hayaƙi mai tashi daga murhu. Masu ba'a su kan ce hayaƙin yana sauka ne daidai inda shaida ta ƙare. Ko da hakanan ne, ba aibu ba ne: wanda ya lulluɓe abin da ba a sani ba ya fi wanda ya zana shi fes gaskiya.

Duk da wannan hattara, zane ba ya fin fahimtar wanda ya ba da bayani. Sa'ad da a ka fara tonon Leicester, Kenyon ta ɗauka dandalin garin ta samo, watau inda kasuwa da zauren shari'a su ke, Sorrell kuma ya zana shi a kan haka. Daga baya ta tabbata bangon na gidan wanka ne, dandalin kuwa a ka gano shi can gaba kaɗan ta gabas. Rahoto ya gyaru, amma sura ta riga ta shiga idon jama'a, fid da ita kuwa ya fi fid da kuskuren rubutu wuya. Malamin da zai nuna wa ɗalibai irin wannan zane ya kamata ya fara sanin shekarar da a ka yi shi, ya kuma rarrabe musu abin da a ka tono da abin da a ka ƙaddara.

A 1962 Sorrell ya tafi ƙasar Nuba ya zana ƙauyuka da tsofaffin ɗakunan bauta na bakin kogin Nilu, kafin ruwan madatsar Aswan ya rufe wuraren. Wannan karon gine-ginen suna tsaye, abin da idonsa ya gani shi ya zana. Ya rasu a 1974.