Jarfar zamani: me ya sa zane ɗaya ke da farashi iri-iri daga Paris zuwa ƙauyen Buscalan?

Duk mai kallon ƙwallon Turai a fada ya saba ganin hannayen su Messi, Neymar da Sergio Ramos cike da zane tun daga kafaɗa har wuyan hannu. Tambayar da samari kan yi tsakanin kofin shayi na farko da na biyu ita ce: nawa ake kashewa? Sana'ar ba ta da farashi ɗaya, amma akwai abubuwan da ke tsayar da kuɗin ko'ina, kuma tawadar da ake gani a fata tana cikin mafi araha.

Abin ba baƙo ba ne gare mu. Hausa na da kalmar jarfa tun kafin zuwan inji, kuma har yau ana ganinta a fuskokin Fulani Wodaabe. Akasarin malamai na ganin zanen da ba ya goguwa haramun ne, shi ya sa a Maradi ko Damagaram lalle ya fi kasuwa. A Turai da Amurka kuwa sana'a ce mai shago, lasisi da haraji, tun bayan da Samuel O'Reilly ya yi wa injin zane mai lantarki rajista a New York a 1891.

A biranen Faransa, yawancin shaguna na da farashin ƙasa da ba sa sauka daga kai, wanda kan kama daga yuro 60 zuwa 100, ko da ɗigo uku za a yi maka. Yuro 80 ya kai jaka 52 da ɗoriya, wato ya haura mafi ƙarancin albashi a Nijar, wanda yake jaka 42. Dalili shi ne shirin aikin ɗaya ne, ƙarami ko babba: sabuwar allura, safar hannu, ledar naɗe inji, ƴan kofunan tawada, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Da an gama sai a zubar da su, kuma ba a bolar unguwa ba, domin doka ta ɗauke su kamar sharar asibiti, akwai kamfanin da ake biya ya kwashe. Tun 2008 dole mai zane ya yi horon tsafta na awa 21 kuma ya sanar da hukumar lafiya kafin ya fara aiki. Ga haya, ga harajin TVA na kashi 20 cikin ɗari ga shagon da cinikinsa ya kai a karɓa.

Idan zanen ya girma, lissafi ya koma na awa. A Amurka gwani kan karɓi dala 100 zuwa 250 a awa guda, ban da tukwicin kashi 15 zuwa 20 da al'adar ƙasar ta mayar kamar wajibi. Rufe hannu gaba ɗaya irin na ƴan ƙwallo na iya cin awa 20 ko fiye, a zama da yawa, tare da jiran makonni tsakani don fata ta warke. A dala 150, awa 20 ta kama dala 3,000. Ba duka ke shiga aljihun mai zanen ba, domin sau da yawa mai shago kan ɗauki kaso mai tsoka, wani lokaci rabi. Wurin da za a zana ma na ƙara lokaci: haƙarƙari, wuya da yatsu sun fi damtse wuyar aiki, launi kuma ya fi baƙi zalla cin awa. Ga masu baƙar fata akwai ƙarin magana. Wasu launuka ba sa fitowa sosai, kuma hannun da ya danne allura fiye da kima na iya barin tabo mai kumbura ga wanda jikinsa ke yin haka. Wanda ya iya aiki da irin fatarmu ba a kowane shago ake samunsa ba.

Doka ma na taɓa farashi ta hanyar da mai saye ba ya gani. Daga Janairun 2022 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da sinadarai sama da 4,000 a tawadar zane, shekara guda bayan haka aka haɗa da wani shuɗi da wani kore da masu sana'ar suka fi dogara da su. Shaguna suka zubar da kwalaben da suka riga suka saya, suka nemi sababbi. A Koriya ta Kudu, kotun ƙoli ta yanke a 1992 cewa zanen jiki aikin likita ne, don haka sama da shekara 30 masu zane na aiki a ɓoye, ba allo a ƙofa, da fargabar tara ko ɗauri. Sai a Satumbar 2025 majalisa ta amince da dokar ba su lasisi. A Japan, kotun ƙoli ce a 2020 ta wanke wani mai zane na Osaka, Taiki Masuda, ta ce ba a buƙatar takardar likita. Can ne kuma ake yin zanen gargajiya mai rufe baya har cinya, wanda wasu gwanaye ke yi da hannu ba inji, mutum ya yi ta komawa shekara da shekaru yana biya zama bayan zama.

Sai suna, wanda ya fi komai wuyar lissafi. A ƙauyen Buscalan da ke tsaunukan Kalinga a Filifin, wata tsohuwa mai suna Whang-od, wadda ta haura shekara 100, tana aiki da ƙayar itacen lemo, sandar gora da baƙin tukunya da aka kwaɓa da ruwa. Kayan aikinta ba su kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Amma tun kafin mujallar Vogue ta Filifin ta sa hotonta a bango a Afrilun 2023, baƙi ke yin doguwar tafiyar mota daga Manila, su hau dutse da ƙafa, su biya ɗan jagora da masauki, su bi layi don ta yi musu ɗigo ukun da suka zama sa hannunta. A nan kuɗin hanya ya ninka kuɗin zane. A Tailan, a wurin ibadar Wat Bang Phra, bisa al'ada furanni, turare, taba sigari da ɗan abin sadaka ake miƙa wa limamin Buda ya yi zanen da suke kira sak yant. Bayan da ƴar fim Angelina Jolie ta sa Noo Kanpai ya zana mata damisa a baya a 2004, irin wannan zanen ya zama hajar ƴan yawon buɗe ido mai tsada. A Samowa kuwa, inda sana'ar gado ce ta wasu gidaje kamar na Sulu'ape, ana haɗa wa gwani kuɗi da tabarmi masu daraja na gargajiya.

To ina araha take fitowa? Daga ƙasar da haya da ladan aiki ke da sauƙi, wannan gaskiya ne. Amma idan farashi ya faɗi ƙasa da kuɗin sabuwar allura da tawadar kirki, to a wajen tsafta aka yi ragin. Allurar da aka maimaita, ko kofin tawadar da aka tsoma wa mutum biyu, na iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B da C. Kan ciwon hanta ne birnin New York ya haramta sana'ar a 1961, bai ɗage ba sai 1997. A yankinmu, inda nau'in B ya riga ya yawaita, yaron da ya sayo inji ta intanet yana yi wa abokai a ɗaki ba ƙaramar kasada yake ja musu ba.

Wanda ya yi nadama kuma sai ya sake buɗe aljihu. Ana goge zane da hasken leza, a zama shida zuwa goma ko fiye, da tazarar mako shida zuwa takwas tsakani, kuma jimillar kan wuce abin da aka biya tun farko. Baƙar tawada ta fi saurin fita, kore da rawaya na da taurin kai. A baƙar fata dole likita ya rage ƙarfin hasken don kada wurin ya yi fari-fari, abin da ke ƙara yawan zaman da za a biya.