Sabon Mai Horad Da 'Yan Makaranta Ya Kiyayi Sojan Haya

Da an sallame sallar la'asar, kusan duk wani fegi da ke unguwar Arawa a garin Gombe sai ya cika da yara masu buga ƙwallo, wasu da takalmi, wasu kuwa ko silifa babu. Daga cikinsu ne makarantun sakandare ke samun 'yan wasa, kuma galibi malamin da ake ɗora wa horad da su sabon shiga ne. Firinsifal ya miƙa masa usur da ƙwallo biyu, ya ce ya je ya ciwo kofi.

To, jarrabawar farko da irin wannan malami zai fuskanta ita ce ta sojan haya. Ana gab da gasa sai wani mai son makaranta ya zo masa da ƙato daga unguwa, wanda ya bar aji da daɗewa ko ma bai taɓa shiga ba, a aske masa gemu a sa masa riga. Lalle yakan ci ƙwallo. Amma fa yaron da ya kwashe zango guda yana gumi a fili shi zai koma benci, kuma abin da zai ɗauka ke nan, watau cewa malaminsa ma yana maguɗi. Daga ranar da wuya ya sake jin maganarsa a kan satar jarrabawa.

Ƙasa ma ta ɗanɗana kuɗarta a kan wannan. A 1989 hukumar FIFA ta hana Nijeriya shiga gasar matasa har shekara 2 saboda saɓanin shekarun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma ƙwace mata baƙuncin gasar 1991. Tun 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'ura don tantance 'yan ƙasa da shekara 17. Duk da wannan tantancewa, Manu Garba, tsohon mai horad da Gombe United, ya ciwo kofin duniya a Abu Dhabi a 2013, inda yaransa suka ci Meziko 3 da nema.

Malamin makaranta ba shi da na'ura, amma yana da rajistar aji. Kafin ya rubuta sunan yaro ya duba ta, ya tambayi malamin ajinsa, ya kuma sa firinsifal ya sa hannu a bayan hoton kowa.

Sauran abubuwan masu sauƙi ne. A watan Maris da Afrilu ranar Gombe ba ta wasa ba ce, sai a jira ta yi sanyi, a kuma ajiye ruwan sha a bakin fili. Da azumi a rage gudu. Ya kuma taka da ƙafarsa ya gai da iyayen yara, domin uba da yawa na ganin ƙwallo shiririta ce, kuma ba ya sakin ɗansa sai ya ga fuskar wanda zai dawo masa da shi gida kafin magariba.