Ciwon Marar da Aure Ba Ya Warkarwa

A Gwandu da Kalgo, kamar sauran ƙasar Hausa, idan budurwa na murƙususu duk wata saboda ciwon mara, abin da iyaye mata ke cewa ɗaya ne: "Yi haƙuri, da kin yi aure zai daina." In an yi auren bai daina ba, sai a ce, "Bari ki haihu." Wasu sukan dace. Wasu kuwa auren ƙara musu azaba yake yi, haihuwar ma ta ƙi zuwa. Da yawa daga cikinsu suna fama ne da cutar da likitoci ke kira indometiriyosis.

A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa da ke kauri duk wata, in ciki bai shiga ba ta zube ta zama jinin al'ada. A wannan cuta, irin wannan tsoka ce ke tsirowa a inda ba muhallinta ba: a kan ma'ajiyar ƙwai, ko bututun mahaifa, ko bayan mahaifa, har a kan hanji ko mafitsara. Duk wata ita ma sai ta kumbura ta yi jini, alhali jinin ba shi da hanyar fita. Daga nan kumburi da tabo ke biyowa, har kayan ciki su manne da juna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 10 da ke shekarun haihuwa na da ita, wato kusan mata miliyan 190.

Alamominta sun haɗa da ciwon mara mai hana makaranta ko girki, ciwo wajen bayan gida ko fitsari lokacin al'ada, kumburin ciki, kasala, da zafi mai zurfi yayin saduwa. Ba sanyi ba ce, don haka kafso da allurar kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis ba sa taɓa ta. Ba a ɗaukar ta wajen miji, shi ma ba ya ɗauka. Ba kuma aikin namijin dare ba ne.

Zafin saduwa shi ne ɓangaren da kunya ta fi binnewa. Mace ta fara gudun shimfiɗa, miji ya ɗauka ƙiyayya ce ko raini, magana ta kai gaban waliyyai, ba wanda ya ambaci ciwo. Wata kuma ƙawaye su haɗa ta da kayan mata na matsi, waɗanda ke iya jawo rauni da sanyi a kan ciwon da ke akwai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki gaya wa maigida inda ke ciwo da lokacin da ya fi tsanani, wanda ga mata da yawa shi ne gab da al'ada. Shi kuma ya tsawaita wasa, ya bar gaggawa, su zaɓi kwanciyar da ita ce ke iya taƙaita zurfi. Man santsi na kantin magani yana taimakawa. In ta ce da zafi, a dakata. Wannan yana cikin kyautatawar da addini ya ɗora wa miji.

To, haihuwa fa? Cutar na iya toshe bututu, ko ta yi ƙullutu mai tsohon jini a ma'ajiyar ƙwai. Duk da haka mai ita ba juya ba ce, da yawa suna samun ciki ba tare da wani aiki ba. Wadda ta san tana da cutar, ko ta haura shekara 35, kada ta wuce wata 6 tana jira ba ta ga likitan mata ba. Kuma su je tare da maigida a gwada maniyyinsa, domin ba kullum matsalar ke ga mace ba.

Magani ya danganta da abin da ake nema. Mai son sauƙin ciwo ana ba ta maganin rage zafi da magungunan tazarar haihuwa: ƙwaya, allura, ashanar hannu ko robar mahaifa mai sinadari. Magungunan tazarar ba sa kashe mahaifa, amma ciki ba ya shiga muddin ana kansu, allurar wata 3 kuma takan jinkirta shigarsa na wasu watanni bayan an daina. Mai neman haihuwa kuwa ana iya yi mata tiyata ta ƙananan huji da kyamara a cire tsiron, ko a kai ga haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, wanda ke da tsada.

Idan ciki ya samu, ciwon yakan lafa saboda al'ada ta tsaya, amma yana iya dawowa bayan jego ko yaye. A fara awo da wuri, a yi hoto don tabbatar da cewa cikin yana cikin mahaifa, domin haɗarin ciki a bututu, ɓari da haihuwar bakwaini ya ɗan fi yawa ga masu cutar. Mai ciki kada ta sha ibuprofen ko diclofenac sai da izinin likita. Jini ko ciwon gefe ɗaya mai tsanani, asibiti nan take.

Don binciken cutar, ana iya farawa daga Babban Asibitin Gwandu ko asibitin gwamnatin jiha da ke Kalgo, a nemi takardar turawa zuwa likitan mata a Asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya na Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Hoton ciki yakan fito lafiya lau alhali cutar na nan, saboda haka ki riƙa rubuta ranakun al'ada da na ciwo har wata 3, ki tafi da takardar. Uwar da 'yarta ke fashin makaranta duk wata kuwa, ta kama hannunta zuwa asibiti tun kafin a sa ranar aure.